Gansakuka a Falon Yaya

Yayana dillalin shanu ne a kasuwar Maigatari, ko da yake tun da Allah ya buɗa masa ya daina amsa wannan suna. Yanzu shi mai safarar dabbobi ne zuwa kudu, yana da gidan bene a bakin titi a Gumel, kuma har gobe yana nan da halin da na san shi da shi tun muna yara, wato duk abin da ya gani a wurin wani sai ya ji kamar nasa ne aka ɗauke. A wata Umara da ya je, an sauke su a wani otal a Jidda kafin ranar tashinsu. A zauren otal ɗin akwai wani tafkeken akwatin gilashi cike da ruwan teku, da kifaye masu launi kamar an tsoma su a marina, da murjani mai rai yana kaɗawa a cikin ruwan. Abokan tafiyarsa sun ce sai da direban motar filin jirgi ya yi ta danna oda kafin aka ɓamɓare shi daga gaban gilashin.

Da ya dawo an raba dabino da zamzam, amma ba wanda ya ji labarin ɗawafi a bakinsa, sai labarin kifi. Ya ce shi ma zai kafa irin wannan a falonsa. Innarmu ta tambaye shi ko cin kifin ake yi, ya ce a'a. Ta tambaya ko hayayyafa suke yi a sayar, ya ce a'a, kallo ake yi. Sai ta ci gaba da jan carbinta.

Wanda ya zo kafa akwatin wani Bayarabe ne daga Legas, mutum mai sanyin magana, wannan ce sana'arsa. Ya iso Gumel da tsakar rana, ya fito daga mota, ya tsaya yana kallon sama kamar mai neman wanda zai kai wa ƙara. Abu na farko da ya faɗa shi ne murjani ba ya jure zafi. Nan take Yaya ya sa aka rufe kwanon gidan da farantan sola, aka jera batura a ƙarƙashin matakala, aka kafa na'urar sanyaya ɗaki a falo. Shekara da shekaru Inna tana shan bazarar Gumel da mafici a hannu, ba wanda ya taɓa tunanin ko fanka mai caji, amma kifin da bai ma iso ba an riga an tanadar masa sanyi.

Ni abin da ya jefa ni cikin maganar shi ne Turanci. Ina da ɗan kantin takin zamani da maganin feshi a kasuwa, na kuma yi karatun aikin gona, shi kuwa Yaya Turancinsa na ciniki ne, daga tayi sai sallamawa. Sai aka kira ni na yi tafinta. Mutumin Legas ya zaunar da mu ya yi bayani a tsanake. Ya ce teku tana da faɗi, duk ƙazantar da ta shiga cikinta tafiya take yi, amma akwatin gilashi ba shi da mafita. Abincin da aka zuba, wanda kifi ya ci ya koma kashi, wanda bai ci ba ya ruɓe, kuma duka biyun suna narkewa su zama wasu sinadarai, naitiret da fosfet. Da ya ambaci sunayen sai na yi dariya, don su ne a jikin buhunan da manoman Gagarawa suke rububi a kantina da farkon damina. Ya ce to, ai shi ke nan na gane. Murjani a ruwa marar taki yake rayuwa. Da zarar takin ya yi yawa, ga kuma haske, gansakuka za ta tsiro ta danne shi, yadda ciyawa ke danne gero a gonar da ba a nome ba. Don haka abinci ɗan kaɗan, wanda za su cinye kafin ya kai ƙasa. Fitila a kunna ta tsawon yini kawai. A riƙa ɗebe wani kashi na ruwan ana mayar da sabo, wanda aka tace da wata matatar ruwa aka dama da gishirin da ya kawo. Akwai kuma wata na'ura mai kumfa da ke tattara datti a wani kofi, ya ce a riƙa zubarwa. Ya ba ni wasu 'yan kwalabe da ake ɗiga maganinsu a ruwan gwaji, a duba launin da ya bayar a jikin kati.

Na fassara duka ban rage komai ba. Yaya ya saurara yana gyaɗa kai, da aka gama ya tambaya ko za a iya ƙara wa fitilar ƙarfi yadda za a hango ta daga titi.

Sai da aka bar ruwan da duwatsun suka yi 'yan makonni su kaɗai kafin kifayen su iso, ta jirgi zuwa Kano, daga nan a mota cikin akwatunan sanyi. Gaskiya ranar da aka sake su ni ma sun burge ni. Akwai wasu 'yan ƙanana biyu masu ruwan lemo da ratsin fari, kullum tare suke, akwai shuɗi, akwai wani rawaya mai faɗi kamar tafin hannu. Murjanin kuwa aka liƙa shi a jikin duwatsu. Ni a sanina murjani abin wuya ne na tsofaffin mata, ban taɓa sanin dabba ce mai buɗewa da rufewa ba.

Kafin mako ya zagayo falon Yaya ya zama wurin ziyara. Mutane daga Sule Tankarkar, daga Gagarawa, har fataken Damagaram da suka zo cin kasuwar Alhamis sai sun biyo. Kuma duk baƙon da yake da nauyi, Yaya sai ya miƙa masa gwangwanin abincin kifi ya ce ya barbaɗa da hannunsa mai albarka. A Gumel kuwa duk wanda ya sa babbar riga yana da nauyi. Wani ɗan siyasa ma ya ga abincin gwangwani bai kai matsayinsa ba, ya ɗebo dambun naman da aka ajiye masa ya watsa. An zuge labulen tagar gabas don masu wucewa su samu rabonsu, fitila kuma tun asuba har sai baƙo na ƙarshe ya tashi.

Na yi magana. Yaya ya nuna min kifayen da suka taru a jikin gilashi suna buɗe baki.

"Dubi bakinsu. Yunwa suke ji. Ni a gidana ko kazar maƙwabta ba ta kwana da yunwa, sai a ce na ɗauko baƙi daga teku ina horar da su?"

Na ce kifi ko ya ƙoshi haka yake buɗe baki, da shi yake numfashi. Ya ce shi ya fi shekara talatin yana kiwon dabba, ya san fuskar mai jin yunwa.

Sai kuma maganar ruwa. Matatar da mutumin Legas ya kafa ɗigo-ɗigo take bayarwa, kuma abin da take zubarwa ya fi abin da take tacewa yawa. Matar Yaya, wadda muke kira Hajiya, mace ce mai dabara da ƙarancin magana, ita ta sa aka jawo tiyon ruwan da ake zubarwar zuwa ƙofar gida, matan unguwa suna tara na wanki. Yaya dai ya gaji da jiran jarka ta cika, ya ce daga yau a ɗebo daga rijiyar burtsatse kai tsaye. Ya ce ruwan da yake sha shi da 'ya'yansa, kifi bai fi su ba. Na so na tuna masa wa ke kwana a ɗakin sanyi a gidan, amma yaya yaya ne, na haɗiye.

Farko wani abu ne mai launin ƙasa-ƙasa ya fara kwanciya a kan yashi da gilashi. Mutumin Legas ya ce ta waya wannan ba komai, kowane sabon akwati yana yi, zai wuce. Ya wuce ɗin, amma abin da ya biyo shi ya fi shi. Wani koren gashi ya tsiro a kan duwatsu, dogo, mai santsi, kamar gemun masara, yana kaɗawa duk inda ruwa ya nufa. Baƙi suka ɗauka wani sabon murjani ne, suna yabawa, Yaya kuma bai gyara musu ba. Bayan shi wani jan yauƙi ya shimfiɗu a kan yashin kamar an yafa masa mayafi. Falon ya fara ƙarni, turaren wutan Hajiya ya kasa danne shi. Duk lokacin da na ɗiga maganin gwaji, launin da yake fitowa ba ya ma cikin katin, ya wuce na ƙarshe.

Akwai wani ɗan murjani a kusurwar hagu da na saba da shi. Bai fi faɗin murfin kwalba uku ba, in fitila ta kama sai ya fito da 'yan furanni kore shar, ɗaya bayan ɗaya, in ka taɓa ruwan kusa da shi ya shige. Saboda shi na koma zuwa kowace safiya kafin na buɗe kanti, da tsohon buroshin haƙori, na naɗe hannun riga ina goge gansakukar da ta kewaye shi. Ina tsige gashin nan da yatsu ina tarawa a roba, na zubar da kofin kumfa mai warin da ba zan kwatanta ba. Abin da na cire da safe, baƙin yamma su mayar da ninkinsa.

Da gishirin Legas ya kusa ƙarewa, Yaya ya dawo daga Maigatari da kantun gishirin Balma, wanda ya saya a hannun Buzaye, ya ce wannan ma ya fi, don na gado ne, ba a yi masa algus ba. Na kira mutumin Legas na gaya masa. Ya ce na gaya wa Alhaji in ya sa wannan gishiri a akwatin, to ya goge lambarsa. Shanun da ke turke a bayan gida su suka lashe kantun.

Ana nan sai wani abokin Yaya, tsohon dillali, ya zo ya tsaya gaban gilashin ya yi ta kallo, ya ce shi ya gano cutar. Ya ce baki ne. Jama'a suna shigowa suna ta kai-kai, ba mai cewa Masha Allah, ai ko dutse ne sai ya yi gansakuka. Wannan bayani ya shiga kunnen Yaya a take, don shi ne kaɗai bayanin da babu laifinsa a ciki. A ranar ya sa aka kwaso barguna aka lulluɓe akwatin tun daga sama har ƙasa, ya kashe fitilar don kada wani ya leƙa ta kafa, ya saki labule, ya kulle falon, ya jefa mabuɗin a aljihu. Washegari kuma tafiya ta kama shi zuwa cikin Nijar sayen shanu.

Hajiya tana da wani mabuɗin. Ta aiko aka kira ni da hantsi, ta buɗe min, ta ce ita dai ƙarnin ne ya ishe ta, na yi duk abin da zan iya. A 'yan kwanakin nan ni da ita muka yi ta tara ruwan matatar nan a jarkoki, muna damawa da ragowar gishirin, ina zuƙe jan yauƙin da tiyo ina mayar da sabon ruwa. Ba mai barbaɗa komai sai ɗan abin da Hajiya ke sa musu da bakin cokali. In mun gama mu mayar da barguna yadda suke.

Da Yaya ya dawo ya tara mu, ya yi bisimilla, ya yaye bargunan da kansa. Ruwan ya yi garau. Jan yauƙin ya tafi, koren gashin ya koɗe ya yi laushi, kana taɓa shi yana saki. Da aka kunna fitila, ɗan murjanina ya ɗan jima kafin ya fito, amma ya fito. Yaya ya juyo ya kalle ni da fuskar wanda alƙali ya ba gaskiya.

Na ce masa duhu ne da yunwa da sabon ruwa suka yi aiki, kuma mutumin Legas ma ya sha faɗa cewa in gansakuka ta yi ƙarfi a rufe akwatin a hana shi haske.

"Ka ji ko? Ashe shi ma ya san da baki. Ai Yarbawa sun fi mu sanin waɗannan abubuwa."

Daga nan aka buɗe falon da sabuwar doka. Duk mai shiga sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce Masha Allah a bayyane, yadda maigida zai ji. In ya faɗa, sai a miƙa masa gwangwani. Tunda kuma an gano maganin cutar, Yaya ya aika Legas aka ƙaro kifaye, labule ya koma gefe, fitila ta koma aikinta na dā. Ba a yi wata ba gashin ya dawo, ya fi na farko tsawo.

Wannan karon Yaya ya zauna ya yi nazari da kansa. Baƙi duk suna cika sharaɗi, shi shaida ne. To saura wa? Wa ke shigowa kullum da sassafe ba ya faɗin komai a bakin ƙofa, ya tsaya ya ƙura wa akwatin ido yana yamutsa fuska, bai taɓa yaba shi ba ko sau ɗaya, kullum sai dai ya ce zai lalace? Ya kira ni falo, a gaban Hajiya, ya sa aka kawo min shayi, ya yi doguwar shimfiɗa a kan zumunci, sannan ya zo kan magana.

"Ban ce da gangan kake yi ba. Wani haka Allah ya halicce shi, shi kansa bai sani ba. Ka ɗan ja baya da falon nan mu gani."

Hajiya ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na shanye shayin, don kada a ce na yi fushi, na ajiye kwalaben gwaji a kan tebur na fita. Na yi fushi ƙwarai. Kuma Gumel ba ta riƙe magana. Kafin Juma'a labari ya kai kasuwa. Wani manomin riɗi daga Gagarawa, tsohon abokin cinikina, ya zo kanti ya ce shi bana ba zai sayi taki ba, tunda an ce idona tsiro yake sawa, na zo kawai na kalli gonarsa. Kowa ya yi dariya har da ni, amma da na koma gida ban iya cin tuwo ba.

Hajiya ta yi iyakar ƙoƙarinta bayan ni. Tana zubar da kofin kumfa, tana ɓoye gwangwani in ta samu hali, amma jarkoki sun fi ƙarfinta, kuma ba ta isa ta hana baƙin mijinta ba. Haka aka shiga bazara. Wata Alhamis da rana, Yaya yana Maigatari, baturan suka yi zafi wuta ta ɗauke. Fanfunan da ke juya ruwan suka tsaya, sanyi ya tsaya. Ruwa mai tsabta zai iya jure wannan na ɗan lokaci, amma wannan ruwan ya riga ya cika da ruɓa da kifin da ya fi ƙarfinsa. Hajiya tana sashen Inna ba ta lura ba sai bayan la'asar. Ta kira ni a waya, ta ce ta san an hana ni, amma na zo.

Tun daga tsakar gida na ji warin. Ruwan ya yi fari kamar an wanke shinkafa, rawayan nan mai faɗi yana kwance a gefe ɗaya a sama, sauran suna ƙasa tsakanin duwatsu. Na sa hannu na share gashin da ya rufe kusurwar hagu. Ɗan murjanin ya narke, abin da ya rage wani silɓi ne da ya biyo yatsana. Na tsaya da hannuna a cikin ruwan ɗumin nan, ni magidanci mai 'ya'ya, ina jimamin wata halitta da ba ta da ko ido. 'Yan ƙananan nan biyu masu ratsin fari kaɗai muka samu da rai, suna haki a saman ruwa. Muka sa su a bokiti da ragowar ruwan jarka.

Yaya ya dawo ya tarar muna kwashe gawa da matankaɗi. Ya daɗe a tsaye. Na ga abin ya taɓa shi da gaske, har na ji tausayinsa, sai kuma ya buɗe baki ya ce dama an gaya masa irin wannan abu ko daga nesa yana kamawa. Maganar ta kai kunnen Inna. Ta sa aka kira mu mu biyu, ta ce ita ta haife mu, nono ɗaya muka sha, in akwai wani abu a idon ƙarami to babba ne ya fara shan sa, kuma kada ta sake jin wannan zance a gidan. Yaya ya ce to. Ni ma na ce to.

Mutumin Legas ya samo wani likita a Kano mai irin wannan akwati, ya yarda zai karɓi 'yan biyun. Ni na kai su, a motar haya, da bokiti a tsakanin ƙafafuna da wani ɗan famfon iska mai batir yana ɓurɓuri. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta leƙa, ta tambaya ko na magani ne. Na ce eh, don na huta. Likitan ya karɓe su ya sa a wani ƙaramin akwati na daban tukuna, ya tambaye ni me ya kashe sauran. Na ce karamci.

Akwatin na nan a falo har yanzu. An wanke shi, an cika shi da ruwan burtsatse, an zuba 'ya'yan tarwaɗa da aka kawo daga Haɗeja. Su kam duk abin da aka jefa musu sai su cafe, ruwan ya yi kore har ba a ganin bayan gilashin, kuma ko a jikinsu. Yaya yana gaya wa baƙi cewa kifin teku kyau ne kawai gare shi, ba shi da albarka, waɗannan kuwa dubi yadda suke ƙiba. Da suka girma Hajiya ta yi farfesu aka aiko min da kwano guda. Ba a haɗo da wata magana ba, ni ma ban nema ba, na ci, kuma ya yi daɗi.

Kwanan baya Yaya ya kira ni a waya, bayan gaisuwa ya ce a tafiyarsa ta Damagaram ya ga wani attajiri yana kiwon jimina a bayan gida, ko na san abin da suke ci. Na ce masa ban karanta wannan ba.